Ranar da na ƙi zama shaida a Larnaka

Laraba, 12 ga Fabrairu 2025, Nikosiya

Na dawo ɗaki bayan isha'i, kuma har yanzu ban iya sa komai a bakina ba, shi ya sa na zauna in rubuta abin da ya faru yau tun bai gauraye a kaina ba. Da sassafe na hau motar Larnaka, tafiyar da ba ta wuce awa guda, domin in sadu da ƙawata wadda ta sauka a tsibirin Saifurus ranar Litinin tare da mutumin da take son aura. Ita Balarabiya ce Musulma, haifaffiyar Haifa, tana cikin Larabawan da ke riƙe da takardar zama 'yan ƙasar Isra'ila, waɗanda suka kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na mutanen ƙasar. Shi kuwa Bayahude ne. Shekara biyu muka yi aji ɗaya da ita a nan muna karatun kiwon lafiyar al'umma, ita ce ta yi jinyata lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni a shekarar farko, kuma tun daga lokacin ba ta kirana da komai sai "ukhti", ni ma ba na ce mata komai sai 'yar'uwa.

Makonni uku da suka wuce ta roƙe ni in zama ɗaya daga cikin shaidu biyun da ake bukata wajen ɗaurin aurensu a ofishin magajin gari. Ban ce e ba, ban ce a'a ba, na yi ta jan ƙafa saboda nauyinta da nake ji, kuma yau na ga illar wannan shirun nawa.

Dole ce ta sa suka tsallako teku. A Isra'ila babu auren rajista na hukuma, domin kowane addini kotunansa ne ke ɗaura wa mabiyansa aure, tsarin da aka gada daga Daular Usmaniyya, Turawan Ingila suka bar shi yadda suka same shi, sannan dokar 1953 ta damƙa aure da sakin Yahudawa a hannun kotunan malamansu. Malamin Yahudawa ba zai ɗaura wa Bayahude aure da wadda ba Bayahudiya ba, alƙalin kotun shari'a kuma ba zai aurar da Musulma ga wanda ba Musulmi ba. Ƙofar da ta rage ita ce wadda Kotun Ƙoli ta buɗe a 1963, lokacin da ta umarci ma'aikatar cikin gida ta rubuta auren da wata Kirista 'yar Beljiyam ta yi da wani Bayahude a nan Saifurus. Tun daga nan masoya irin waɗannan suke hawo jirgi, tafiyar ƙasa da awa guda, su sa hannu a takarda su koma gida a rubuta su a matsayin mata da miji. Su an ba su ƙarfe 11 na safiyar yau.

Na same su a wani shagon shayi da ke bakin teku, ƙarƙashin jerin dabinon nan na Finikudes. Yau ne karo na farko da na gan shi ido da ido, kuma ba zan ɓoye ba, mutum ne mai natsuwa da ladabi. Ya miƙe ya gaishe ni ba tare da ya miƙo hannu ba, alamar an gaya masa al'adata kuma ya kiyaye. Larabcinsa ya ba ni mamaki, sai ya ce daga bakin kakarsa ya tsince shi, wadda aka haifa a Bagadaza, aka kwaso ta a 1951 cikin Yahudawan Iraƙi fiye da 100,000 da suka bar ƙasar a wancan lokaci, kuma har ta rasu da Larabci take ƙirga kuɗi da yi wa jikokinta faɗa. A wani asibitin Haifa suka haɗu, ita tana ɗakin magani, shi yana gashin ƙashi, shekara huɗu ke nan.

Kafin shayin ya huce na gaya mata gaskiya. Na ce, "'Yar'uwa, ki yafe mini da ban faɗa miki tun da wuri ba, amma ba zan iya sa hannu ba." Abin da na taso a kai, kuma na yi imani da shi, shi ne Musulma ba ta auren wanda ba Musulmi ba, ayar Baƙara ta 221 da ta Mumtahana ta 10 su ne madogarar malamai a kan haka, ko da yake Ma'ida ta halatta wa namiji Musulmi auren mace Ahlul Kitabi. Aure a wurina sai da waliyyi da sadaki da siga da shaidu, kuma ba zan tsaya in shaida abin da zuciyata ba ta ɗauke shi aure ba. Ta tuna mini cewa Tunisiya ta soke irin wannan hani a 2017, na ce mata na sani, amma dokar ƙasa ba ta sauya mini abin da zan tsaya da shi gaban Allah. Na yi zaton za ta yi fushi, sai kawai ta sunkuyar da kai ta ce ta daɗe da sanin amsata, ta gayyato ni ne domin ba ta son ta shiga ɗakin nan ba tare da ko mutum ɗaya nata ba.

Wannan maganar ce ta tono abin da ke binne. Shi ya ce shaida ba matsala ba ce, ana iya samun wani cikin minti biyar, ita kuwa ta ɗago ta dube shi ta ce wannan shi ne bambancinsu, komai a wurinsa ana samunsa cikin minti biyar. Mahaifiyarsa ta san da tafiyar, ta yi kuka, ta tambaye shi me 'ya'yansa za su zama tun da a shari'arsu ta wajen uwa ake gadon Yahudanci, amma duk da haka ranar Juma'a da dare za ta ajiye masa kujerarsa a teburin cin abincin Asabar, ranar hutun ibadarsu. Ita mahaifiyar ƙawata tana zaton taron aiki 'yarta ta tafi. Idan labari ya fita, ƙannenta mata biyu ne za su fara ɗanɗana kuɗarsa wajen neman aure, mahaifinta kuma ba zai ƙara iya zama a majalisar unguwa ba. Ta ambaci Lucy Aharish, mai gabatar da labarai a talabijin, wadda ta auri ɗan wasan kwaikwayo Tsahi Halevi a 2018, bayan sun ɓoye soyayyarsu tsawon shekaru, har ministan cikin gida na lokacin ya fito ya soki auren. Ta ce idan mace mai suna irin wannan ta sha abin da ta sha, ina ga mai ba da magani a bayan kanta.

Sai dai ba iyaye ne suka fi ci musu tuwo a ƙwarya ba, kakin soja ne. Kamar yawancin Yahudawan ƙasar, ya yi aikin soja na dole tun yana ɗan shekara 18, kuma har yanzu yana cikin dakarun ko-ta-kwana. Bayan harin Hamas na 7 ga Oktoba 2023, wanda aka kashe mutum kusan 1,200 aka kuma yi garkuwa da kusan 250, an kira shi, kuma akwai abokin karatunsa a cikin waɗanda suka mutu a ranar. A kakar 2024 aka sake kiransa zuwa iyakar Labanan. Dangin kakarta kuwa suna can kudancin Labanan, a sansanin 'yan gudun hijira na Rashidiyya kusa da birnin Sur, domin a 1948, lokacin da mafi yawan Larabawan Haifa kimanin 70,000 suka fice, yayan kakar ya shiga jirgin ruwa, ita kakar kuma ta tsaya aka tattara waɗanda suka rage a unguwar Wadi Nisnas. Ƙawata ta ce a watannin nan tana kwana a mafaka tana tsoron rokokin da ke faɗowa Haifa, tana yi masa addu'a ya dawo da rai, tana kuma yi wa 'yan'uwanta addu'a su tsira daga rundunar da yake cikinta, ga hotunan yaran Gaza da ba ta isa ta yi maganarsu a wurin aiki ba. Ta tambaye shi a gabana ko zai ƙi amsawa idan aka sake kiransa. Ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ce ba zai yi mata alkawarin da bai tabbata zai cika ba, domin mutanen da ke rundunarsa ba zai iya juya musu baya ba.

Na ga girman gaskiyarsa, amma ban ga adalci a rabon kayan ba. Shi ana neman ya ɓata wa mahaifiyarsa rai ne na ɗan lokaci, ita kuwa ana neman ta ajiye addininta a gefe, ta rasa gidansu, sannan ta riƙa wanke kakin da ke tayar mata da hankali. Ƙarfe 11 ta wuce muna zaune, babu wanda ya dubi agogo a fili, kuma babu wanda ya miƙe.

Da azahar na ce zan je in yi salla, sai ta ce za ta bi ni. Muka hau tasi zuwa masallacin Hala Sultan da ke bakin tafkin gishiri, inda ake cewa nan ne kabarin Ummu Haram bint Milhan, sahabiyar da ta zo wannan tsibiri da rundunar teku a zamanin Sayyidina Usman ta rasu a nan. Tafkin ya cika da ruwan hunturu, tsuntsayen nan masu dogayen ƙafafu da jan gashi suna tsaye a cikinsa birjik. Ta ari mayafina, ta yi alwala, ta tsaya kusa da ni, kuma na ji kukanta tun daga raka'a ta biyu. Bayan mun sallame ta tambaye ni ko ina ganin Allah zai kama ta da laifin son da ba ita ta ɗora wa kanta ba. Na ce mata zuciya ba ta da ƙashi, kuma abin da mutum ya aikata ake tambayarsa, amma ban yi mata wa'azi fiye da haka ba, domin ta san ayoyin nan da harshen da aka saukar da su. Ta ce ta taɓa yi masa maganar musulunta, ya ce ba zai furta kalmar da bai yi imani da ita ba domin kawai ya same ta, kuma wannan amsar ce ta ƙara masa daraja a idonta, ita ce kuma ta rufe musu hanya.

Da la'asar muka koma muka tarar da shi inda muka bar shi, ya saya mata abinci ya rufe shi da takarda kada ya huce. Ban ji abin da suka tattauna ba, domin na ja gefe na ba su wuri. Da za mu rabu ya yi mini godiya da Larabci, ya ce bai riƙe ni a zuciya ba. Gobe da safe za su koma a jirgi ɗaya, ba a ɗaura ba, ba a kuma rabu ba. A tashar mota ta miƙo mini wata jaka ta ce in ajiye mata, domin ba za ta iya shiga gidansu da ita ba. Sai da na iso ɗaki na buɗe, na ga farar rigar da ta yi niyyar sawa, ko takardar farashinta ba a cire ba. Na rataye ta a cikin kwabata, bayan rigunan salla, na kuma aika mata saƙo cewa ta kira ni da zarar jirginsu ya sauka.