Abin da rake da kwaɗo suka koya min a Cairns

Ni karatun ƙasar noma ya kaini Ostireliya, kuma gaskiya kafin tafiyarmu Cairns tunanina duk a kan iyakar gona yake tsayawa, wato nawa za a zuba taki, nawa za a samu amfani, shikenan. A zango na biyu ne malaminmu ya ɗebe mu zuwa arewacin Queensland na ƴan kwanaki, wai muje muga inda ruwan gona yake ƙarewa.

Garin Cairns a bakin teku yake amma ba kasafai zaka ga mutum na wanka a gaɓar cikin gari ba, laka ce, ga kadoji, shi yasa suka gina wani ƙaton tafkin wanka a titin bakin ruwa da ake kira Esplanade kowa ya shiga kyauta. A rairayin bakin ruwa na wajen gari kuma zaka tarar da kwalbar ruwan khal an ajiye saboda wata halitta mai kama da leda da take harbi, lokacinta daga wajen Nuwamba har Mayu. Mun hau jirgin ƙasa zuwa Kuranda munga ruwan Barron yana zubowa daga dutse, abin sha'awa ne ƙwarai, amma Gordonvale ce ta tsaya min a rai.

Gordonvale ƙaramin gari ne kudu da Cairns, rake ko ina har inda ido zai iya kaiwa, ga kamfanin sukari yana hayaƙi a tsakiya. Nan ne aka saki kwaɗin da aka kawo daga Hawaii a 1935, guda 102 aka kawo aka hayayyafa su, don su cinye ƙwaron da ke lalata rake. Basu yi aikin ba, sai suka bazu har Northern Territory da yammacin ƙasar, kuma dafi garesu, maciji ko guza ko ƙaramin naman daji in ya haɗiye ɗaya sai ya mutu. Abin da ya taɓa ni shine masana ne suka kawo su, mutane masu ilimi irin wanda nazo nema, niyyarsu alheri ce, manomi suke son taimako. Na daɗe ina juya wannan a mota.

Washegari muka shiga jirgin ruwa zuwa Green Island, tafiyar kamar minti 45. Ban iya ruwa ba, na faɗa musu tun a jirgi, suka bani rigar iyo da wata doguwar riga mai kare harbi, wani ma'aikaci ya riƙe min taya ina leƙa ƙasa. Subhanallah, murjani ashe halitta ce mai rai, ni da a wuyan mata kawai na san sunansa. Wannan shingen murjanin, wato Great Barrier Reef, tsawonsa ya kai kilomita 2,300, tun 1981 yake cikin jerin wuraren tarihi na duniya. In ruwa yayi zafi da yawa sai murjanin ya fitar da ƴan tsiran da ke rayuwa a jikinsa suna ciyar dashi, ya koma fari fat, kamar yadda ya faru sosai a 2016 da 2017. To bayan zafin ga namu laifin, da damina koguna irinsu Mulgrave da Barron suna kwaso laka da ragowar takin zamani daga gonaki su zuba a teku, ruwa ya gurɓace, hasken rana ya ragu, kuma masana da yawa suna ganin wannan takin ne ke ƙara yawan wani kifin tauraro mai ƙaya da ke cin murjanin.

Ina cikin ruwan nan Hadejia ta faɗo min, yadda kachalla ta toshe hanyoyin ruwa bayan dam ɗin Tiga da Challawa sun sauya yadda kogin ke gudu, masunta da manoman ƙasa suka kwana ciki, alhali a can sama aka yanke shawarar.

Da muka koma makaranta na samu malamin nace ina so in canza aikin binciken da na ɗauka, daga yawan taki zuwa lokacin zuba shi da abin da ruwan sama ke wankewa. Yace sai dai in sake ɗibar samfur tun daga farko, wata uku zai ƙara min. Nace na yarda.