Bonneville ɗina da kayan da ba nasa ba

Abin da ya fi damuna a farkon zamana a Birmingham shi ne hannuwana sun rasa aikinsu. A Kano na tashi a rumfar gyaran babur ta mahaifina, tun kafin in iya haɗa baƙi na iya wanke fulogi da kwance kafireto. A nan kuwa aikina a ɗakin ajiyar kaya yake, in ɗauki kwali in sauke kwali, in dawo Small Heath da duhu, in yi sallah in kwanta. Maƙwabta suna ɗaga maka hannu da fara'a, amma ba mai tsayawa. A masallaci akwai 'yan'uwa, Somaliyawa da 'yan Pakistan da 'yan Yaman, sai dai hirar ba ta cika wuce aiki da takardu da kuɗin haya ba.

Sannu a hankali na gane irin unguwar da Allah ya saukar da ni. A Armoury Road, nan bayan gidajenmu, masana'antar BSA ta taɓa zama, kamfanin da ya fara da ƙera bindigogi a 1861, ya kai a shekarun 1950 babu mai ƙera babura kamarsa a duniya. Lucas mai kayan wuta, Amal mai kafireto, Dunlop mai taya, duk a wannan gari suke a wancan zamani. Triumph kuma a lokacin yana Meriden, tsakanin Birmingham da Coventry, inda ya koma bayan bama-baman Jamus sun rushe masana'antarsa ta Coventry a 1940. An rufe ta Meriden ɗin a 1983, yanzu gidaje ne a wurin, ɗaya daga cikin titunan ma sunansa Bonneville Close. Ranar da na je gidan adana tsofaffin babura da ke kusa da Solihull na yi ta zagaye har aka tashi, na fito da niyyar sai na mallaki ɗaya.

Lasisin Najeriya ba a musanya shi da na nan, don haka sai da na bi layi daga tushe: horon farko da suke kira CBT, jarrabawar rubutu, sannan gwaji biyu a kan babur. Ina gamawa na tattara abin da na tara na sayi Triumph Bonneville mai inji 650, ƙirar 1970, ja da ruwan azurfa. Tallar ta ce duk kayansa na asali ne. Mai sayarwar gadonsa ya yi daga kawunsa, kuma na yarda iyakar saninsa ya faɗa.

Ƙarar babur ɗin ce ta fito da wani dattijo Bature da ke gida na uku daga namu, wanda a da gaisuwar hannu kawai ke haɗa mu. Ya zagaya shi, hannu a baya, bai ce uffan ba. Can ya ce, "Ɗana, ka duba lambobinsa?" Na ce, "Baba, takarda tana hannuna." Ya ce takarda daban, ƙarfe daban.

Daga nan karatun ya fara. Lambar inji tana gefen hagu, ƙasan silinda, ta firam kuma tana kusa da wuyan babur, kuma a Triumph na wancan zamani dole su zo ɗaya. Daga 1969 kamfanin ya riƙa buga lambar injin a kan wani ɗan tudu mai ɗauke da ƙananan tambarin Triumph a shimfiɗe, ta yadda duk wanda ya goge lamba ya buga wata sai an gani. Muka wanke wurin da kananzir, muka haska tocila a karkace. Tambarin yana nan ba a taɓa shi ba, lambobin biyu sun dace. Haruffan farko BD ne: B watan Fabrairu, D kakar ƙira ta 1970. A ƙarshe an rubuta T120R, kuma R ɗin nan alama ce ta samfurin da aka fi kaiwa Amurka, inda mafi yawan baburan Meriden suke tafiya a lokacin. Ashe abin hawana ma ya yi zaman ƙasar waje kafin a dawo da shi. Shi ya sa kansa dogo ne mai lanƙwasa sama, ba gajeren da ake sa wa na kasuwar Ingila ba. Da na rubuta wa ƙungiyar masu tsofaffin babura ta VMCC, wadda ke riƙe da littattafan fitar da kaya na masana'antar, amsar da ta zo ta tabbatar da hakan.

To, ƙashin bayan na gaske ne. Sauran jikin ne labari ya sha bamban.

Kafireto biyun na gane su tun kafin dattijon ya buɗe baki, domin Mikuni ne na Japan, irin wanda na girma ina kwancewa. Wanda ya kamata a gani a wurin shi ne Amal Concentric mai lamba 930. A ƙarƙashin kujera muka tarar da ɗan baƙin akwati na Boyer Bransden, wato an cire kwantak ɗin Lucas an sa na lantarki. Ƙarƙashin fitilar gaba, tsakanin ƙafafun gaba biyu, wato sandunan da ke riƙe da tayar gaba, akwai ramin noti wanda babu komai a cikinsa. Nan ne mazaunin wani ɗan ƙarfe mai fiffike da ke riƙe da Zener, abin da ke ƙona rarar wuta don kada batir ya dahu. An cire shi an sa na zamani a ɓoye bayan batir. A nan dattijon ya riƙe min hannu ya nuna min jar waya ɗaure a jikin firam. Waɗannan baburan jar waya, wato ta gefen (+) na batir, ita ce ke zuwa jiki, akasin duk wani Bajaj ko Jincheng da muka sani, kuma wanda ya haɗa batir bisa sabo zai ƙone kayan wutar nan take. Duk ɗan gida da zai taɓa tsohon babur ɗin Ingila ya riƙe wannan, haka kuma ya sani giya tana ƙafar dama, birkin baya yana hagu.

Rim ɗin baya yana da hatimin Dunlop da girmansa a buge tsakanin sifok, na gaba kuwa sumul, ba rubutu ko ɗaya, kuma ƙyallinsa ya fi na baya haske. Salansa biyun ma sababbin kwaikwayo ne. Waɗannan ban daɗe a kansu ba, kaya ne da tsatsa ke ci, kowa yana sauya su.

Notuna ne suka ci min lokaci, kuma su ne suka fi tona asiri. Kafin ƙarshen shekarun 1960 masana'antun Ingila suna amfani da nasu ma'aunin, Whitworth da BSF da wani mai ƙananan haƙora 26 a inci ɗaya da aka gada daga masu kekuna. Wajen 1968 zuwa 1969 Triumph ya riƙa komawa ma'aunin UNF irin na Amurka, don haka babur ɗin 1970 yawancinsa UNF ne, da ragowar tsohon ma'auni nan da can. Abin da babu shi sam shi ne milimita. Dattijon ya ba ni aron akwatin sifanunsa, na bi babur ɗin noti bayan noti. Duk inda sifana mai rabin inci ta ƙi shiga amma mai lamba 13 ta zauna daram, na san hannun wani ya biyo ta wurin, domin rabin inci milimita 12.7 ne. Wasu ba su da illa, noti ne da abokinsa a maƙalar lamba. Amma biyu an murɗa su da ƙarfi cikin alminiyon murfin inji, sun cinye haƙoran ramin, kuma ta nan mai yake tsiyaya. Wannan kam ya ɓata min rai, don ɓarna ce da sifanar da ta dace da noti na 'yan kuɗi kaɗan za su hana.

Littafin kayan gyara na shekarar ya zama abokin hirata da daddare. A tsarin Triumph lambar kowane ƙarfe tana farawa da harafi: E na inji, F na firam, H na ƙafafun gaba, W na wili da birki, T na giya. Daga baya aka mai da haruffan lambobi, E ta zama 70, F ta zama 82, shi ya sa za ka ga abu ɗaya da suna biyu a shaguna. Da wannan littafi na gano tankin ma ba nasa ba ne. Waldar ƙarƙashinsa kaca-kaca take, an faɗaɗa ramukan ɗauri da zarto kafin su hau, kuma in ka tsaya a baya ka dube shi ya ɗan karkata hagu. Fentin ne kawai ya yi kyau.

A nan ne muka saɓa da dattijon, kuma har yau ba mu daidaita ba. Shi a wurinsa duk abin da bai fito daga Meriden ba a cire shi. Ni kuwa na fito daga inda ake auna gwanintar bakanike da iya tayar da inji da abin da ya samu a Ƙofar Ruwa, kuma ba zan raina wannan basira ba, ita ta ciyar da mu. Wanda ya sa wa babur ɗin nan akwatin lantarki so yake ya tashi da bugu ɗaya da safe, kuma yana tashi. Na bar shi, na bar na'urar cajin batir. Mikuni na cire, ba don sun gaza ba, sai don an yanke akwatunan iska kafin su shiga. Har yanzu ana ƙera Amal sababbi a Salisbury, da kayan ciki masu jure fetur na yanzu, wanda tun 2021 aka ƙara masa sinadarin etanol. Ramukan da aka lalata kuma na sa musu sababbin haƙora da hannuna, dattijon yana riƙe min fitila.

Inda na ba shi gaskiya ɗari bisa ɗari shi ne batun faɗin gaskiya. Kayan da aka sauya ba aibi ba ne, kiransu na asali shi ne aibin, don farashi yana hawa a kan wannan kalma. Hukuma ma tana da ruwa a ciki: abin hawan da ya haura shekara 40 ana yafe masa harajin hanya da gwajin lafiyar abin hawa na shekara-shekara da suke kira MOT, amma yafewar gwajin ba ta hawa kan wanda aka yi wa babban sauyi a firam ko inji cikin shekara 30 da suka wuce. Nawa bai shiga wannan sahu ba. Duk da haka na rubuta kowane baƙon ƙarfe a takarda, na haɗa da takardar mallaka ta V5C, don duk wanda babur ɗin zai koma hannunsa ya san abin da ya saya.

Ta hanyar dattijon na shiga taron masu irin waɗannan babura da ake yi a unguwa, yawancinsu sun haife ni. Da suka ji ina daidaita kafireto biyu da kunne, aka fara turo min aiki ranar Asabar, har na rage kwanakin ɗaukar kwali. Tankin dai yana nan a karkace. An ce a baje kolin tsofaffin babura na Stafford, wanda ake yi a Afrilu da Oktoba, akan dace da na asali a wurin masu shimfiɗa gwanjo, kuma dattijon ya ce zai raka ni don shi ya san yadda waldar Meriden take.