Wasiƙa daga Jamus: amiba, ƙwayoyin da take ɓoyewa, da ruwan lambunanmu

'Yan uwana na Damagaram, assalamu alaikum, tare da fatan kuna lafiya.

Ina rubuto muku daga Jamus, inda nake aiki a wata tashar tace ruwan datti, domin akwai abin da madubin likita ke nuna mana wanda ya shafi garinmu, inda ƙarancin ruwa ke sa a ɗebi kowane irin ruwa don ban-ruwan lambu.

A manyan kwatarniyoyin tashar, inda ake hura iska cikin ruwa bisa dabarar da Ardern da Lockett suka fitar a Manchester ta Ingila a 1914, bakteriya ce ke cinye ƙazanta. Sannan akwai wasu halittu masu ƙwayar halitta ɗaya tak, irin su Vorticella da amiba, waɗanda abincinsu bakteriyar ce, kuma da taimakonsu ruwan ke fita garau. Yawansu ma alama ce da muke dubawa mu gane lafiyar tashar.

Sai dai ba duk abin da amiba ta haɗiye take narkarwa ba. A 1980 wani masani ɗan Ingila, Timothy Rowbotham, ya nuna cewa Legionella, ƙwayar da ta haddasa mummunan ciwon huhu a Philadelphia ta Amurka a 1976, tana hayayyafa a cikin amiba. Idan rayuwa ta yi tsanani, amiba mai suna Acanthamoeba takan dunƙule cikin ɓawo mai tauri wanda kulorin ba ya ratsawa cikin sauƙi, don haka ƙwayar da ke ciki ta tsira. Legionella ta hanyar shaƙar feshin ruwa take kama mutum, kuma ruwa mai ɗumi take so, irin wanda zafinmu ke samarwa. A 2013 an same ta da yawa a tashar tace ruwa ta garin Warstein, nan Jamus, lokacin da cutar ta ɓarke a can. Bincike a ɗakin gwaji ya kuma nuna cewa ƙwayar kwalara na iya rayuwa cikin wannan amiba, abin da ya fi tayar mini da hankali idan na tuna tafkunan cikin gari da magudanun Birni da Zango a lokacin damina.

Roƙona ga hukumomi da malaman Jami'ar André Salifou shi ne, duk ranar da za a tace ruwan dattin gari don noman rani, kada a dogara ga jabel, wato ruwan kulorin, kaɗai. A bar ruwan ya daɗe a jerin tafkunan da aka gina domin haka, laka ta kwanta, rana ta yi aikinta, a tace shi da yashi kafin a sa magani, sannan masu gwaji su riƙa neman amiba ita kanta. Manoma kuwa, a zuba ruwan a gindin shuka maimakon fesa shi kan salati.

Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.

Ɗan uwanku, daga Jamus.