Rigar darma ba ta kai ido ba

Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin tiyatar ƙashi a nan Yamai. Yawancin masu zo mana ƴan hatsarin moto ne, cinya ko ƙwauri a karye. Idan likita zai zura ƙarfe cikin ƙashi, sai an jawo na'urar hoto mai lanƙwasa kamar lauje, wadda muke kira ampili, yana duban allo yana aiki. Kowa ya rataya rigar darma don kare jiki daga hasken X-ray da ampili ke fitarwa, wani ya ƙara da ta wuya. Ido kuwa a buɗe.

A wani horo da aka yi mana na gane inda haɗarin yake. Yawancin hasken da ke samunmu daga jikin majinyaci yake fantsamowa, kuma ya fi ƙarfi ta ɓangaren da ya shiga jikin. Ɗan madubin da ke cikin ido ba ya jurewa. Hasken yana taruwa shekara da shekaru har yanar ido ta fito, galibi ta bayan madubin, ba zafi ba ƙaiƙayi. Shi ya sa a 2011 hukumar duniya mai ba da shawara kan kariya daga wannan haske ta rage iyakar abin da idon ma'aikaci zai ɗauka, daga milisibat (ma'aunin hasken da jiki ya ɗauka) 150 a shekara zuwa 20, a matsakaicin shekara biyar, kada kuma shekara guda ta wuce 50. Wannan ragin ya girgiza ni ƙwarai.

Na sami majo, shugaban ma'aikatan jinyarmu, na ce, "Majo, don Allah mu sake tsarin tsayuwarmu." Ya ce, "To ƴata, nuna mana."

Mun fara da abin da ba ya cin ko dala. Bututun da ke fitar da haske ya koma ƙarƙashin tebur, mai karɓar hoto a sama, dab da majinyaci. In an juya na'ura don hoton gefe, sai mu koma wajen mai karɓar hoto. Wanda hannunsa ba ya cikin aiki ya ja baya, domin in ka ninka nisanka, kashi ɗaya cikin huɗu kaɗai zai same ka. Mai taka fedar da ke kunna haske ya faɗa da ƙarfi kafin ya taka, ya kuma ɗaga ƙafa da wuri, tunda hoton ƙarshe yana nan a allo. Wannan ta fi ba mu wuya, don likita in aiki ya ɗau zafi yana son ganin komai a kowane motsi.

Tabarau mai darma yana da nauyi, yana zamewa da gumi, musamman a watan Afrilu. Duk da haka ina sa shi, kuma mai rufin gefe nake nema, saboda fuskarmu tana kallon allo, haske yana shigowa ta gefe da ƙasa. Dozimeta kuma, wato ƴar na'urar da ke auna hasken da muka ɗauka, wadda ke ƙarƙashin riga ba ta san abin da ido ya sha ba. Sai an maƙala wata a wuya, a waje. Ma'aikatan ma'adinin uraniyum a Arlit ana auna musu abin da suka ɗauka, mu ma haƙƙinmu ne.

Yanzu abin da muke bi shi ne a ƙaro tabarau ya ishi kowa, har da ɗalibai masu koyon aiki, a kuma riƙa kai mu wurin likitan ido kowace shekara. Takardar buƙatar tana hannun majo.