Kwana goma da iyali a hamadar Amurka cikin zafin Yuli: yadda muka tsara tafiyar

Dogon hutun makaranta a Amurka daga Yuni ne zuwa Agusta, wato daidai lokacin da hamadar kudu maso yammacin ƙasar take kan ganiyar zafinta. Mai 'yan makaranta ba shi da wani lokacin, ko ya je a cikin zafin ko ya haƙura. Mu biyar muka yi tafiyar a watan Yuli, ni da uwargida da yara uku, a motar haya daga Las Vegas. Da na zauna tsara hanya, nisan garuruwa kawai nake dubawa a taswira. Daga baya na gane abu biyu ne suke mulkin irin wannan tafiya: tsayin wuri daga teku, da ƙarfe nawa ka fita.

Duk wanda ya taɓa barin Lafiya ya hau Jos ya san yadda iska take sauyawa. Haka abin yake a can, kusan duk hawan mita 1,000 zafi yana raguwa da kamar digiri 6. Wuraren da muka nufa gandayen shaƙatawa ne na ƙasa, masu duwatsu da kwaruruka. Kwarin Zion da garin Moab suna wajen mita 1,200, kuma a Yuli zafin rana yana kai digiri 38 ko ya wuce. Bryce Canyon yana tsakanin mita 2,400 da 2,700, da rana bai cika wuce digiri 27 ba, da asuba kuwa sai da rigar sanyi. Bakin Grand Canyon na kudu yana wajen mita 2,100. Saboda haka sai na riƙa haɗa wuri mai zafi da wuri mai sanyi, don jikin yara ya riƙa samun sarari: kwana ɗaya a Las Vegas, biyu a Springdale bakin ƙofar Zion, biyu a Bryce, ɗaya a Torrey kusa da Capitol Reef, biyu a Moab saboda Arches da Canyonlands, biyu a Grand Canyon, sai komawa. Duka-duka, har da kai-komon cikin gandayen, ya haura kilomita 2,000.

Death Valley shi na fara sokewa, duk da cewa awa biyu da ɗan wani abu ne daga Las Vegas. A Furnace Creek da ke cikin kwarin aka rubuta digiri 56.7 a ranar 10 ga Yuli 1913, kuma a Yuli zafin da aka saba gani a wurin wajen digiri 47 ne. Badwater, wuri mafi zurfi a kwarin, yana mita 86 ƙasa da teku. Ma'aikatan gandun da kansu suna gargaɗin kada a yi tafiyar ƙasa a kwarin bayan ƙarfe goma na safe. Wurin a bar shi sai Janairu.

Akwai wani tunani da ya kamata mutanenmu su ajiye a gida, wato na cewa ai mu 'yan rana ne, wanda ya sha bazarar Sakkwato ko ta Agadas me zai gani. Gaskiya ne mun san zafi, amma a gida ba wanda yake hawan dutse da ƙarfe ɗaya na rana, kowa yana gindin bishiya ko zaure. Kuma yaran da aka haifa a can, a ɗaki mai iyakwandishan suka tashi. Iskar hamadar busasshiya ce ƙwarai, gumi yana bushewa kafin ka gan shi, sai ruwan jiki ya ƙare mutum bai ankara ba.

Tsarin yininmu ɗaya ne kusan kullum. A tashi wajen huɗu da rabi a yi sallar asuba, a sha shayi, a shiga mota kafin fitowar rana, wadda take fitowa wajen ƙarfe shida. Duk wata tafiyar ƙasa a gama ta kafin goma. Daga goma zuwa la'asar ko dai muna cikin mota a hanyar gari na gaba, ko muna masauki yara na barci, ko muna ofishin baƙi na gandun inda akwai sanyi da famfon ruwa. Can da yamma a sake fita, tunda rana ba ta faɗuwa a jihar Utah, inda Zion da Bryce da Moab suke, sai kusan ƙarfe tara saura. Sau ɗaya muka saɓa wannan, a hanyar Delicate Arch da ke Arches. Hanyar kilomita 4.8 ce zuwa da dawowa, da hawan mita 146, mafi yawanta a kan falalen dutse babu inuwa. Mun fara takwas da rabi maimakon shida, kuma kafin rabin hanya autarmu ta fara kukan ciwon kai. Juyowa muka yi. Dutsen yana shan rana ya mayar da ita, zafi ta sama zafi ta ƙasa, abin da awon yanayi na waya ba ya nunawa.

Lissafin ruwa mai sauƙi ne: galan ɗaya, kusan lita 4, ga kowane mutum a yini. Mu biyar lita 20 ke nan. Na sayi jarka biyu masu lita 20, ɗaya ta sha wadda ake cikawa kowane dare, ɗaya kuma tana but ba a taɓa ta sai idan mota ta lalace. Kowane yaro da gorarsa ta lita ɗaya, kuma dokar ita ce idan ruwan gora ya kai rabi, an juya ke nan, ko an kai inda za a ko ba a kai ba. Ruwa kaɗai ba ya isa. Wanda yake ta gumi yana ta kwankwaɗar ruwa ba ya cin komai, gishirin jininsa yana raguwa, ya fara tashin zuciya da jiri, kuma ƙara masa ruwa ƙara masa ciwo ne. Shi ya sa muka riƙe gyaɗa mai gishiri da dabino da ƙullin garin ruwan gishiri da sukari, irin wanda duk uwa ta sani. Abin dubawa a yaro shi ne fitsari: idan ya yi duhu, ko an daɗe bai nema ba, a zaunar da shi a inuwa. Idan kuwa ya fara magana ba kan gado ko yana tangaɗi, wannan ya wuce gajiya, a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, a kira lambar gaggawa ta 911 ko a nemi ma'aikacin gandu.

Motar kuma da nata. Kafin ka bar harabar kamfanin haya, ɗaga shimfiɗar but ka gani da idonka ko akwai safaya da jak. Tamu ta farko babu, wani ɗan famfo da gwangwanin liƙi kawai aka ajiye, abin da ba zai tsinana komai ba idan dutse ya yage gefen taya. Sai da aka sauya mana. Iskar taya da safe ake aunawa tun taya tana da sanyi, a bi adadin da ke rubuce a jikin ƙofar direba. Da rana adadin zai hau, kada a sace iskar, domin tayar da ba ta da isasshiyar iska ita ce take ɗaukar zafi ta fashe. A doguwar hawa a sa ido a kan allurar zafin inji. Idan ta fara tashi, a kashe iyakwandishan, a kunna hita a buɗe gilasai, a samu wuri a tsaya, kuma kada a kuskura a buɗe murfin lagireto inji yana da zafi. A gangara a sa ƙaramar giya maimakon a kwanta a kan birki. Hanya mai lamba 12 daga Bryce zuwa Torrey tana hawa Dutsen Boulder har sama da mita 2,800, kyanta ba a magana, amma ba ta tuƙin dare ba ce, ga bareyi ga shanun da aka sake suna tsallaka titi.

Mai kuwa, da tanki ya kai rabi nake shiga gidan mai na farko da na gani. A babbar hanya ta 70, tsakanin Green River da Salina, akwai fiye da kilomita 160 babu gidan mai ko ɗaya. Sabis ɗin waya yana ɗaukewa na sa'o'i, don haka a sauke taswira a waya tun a masauki, a kuma karɓi ta takarda da ake bayarwa a ƙofar kowane gandu. Wayar da aka bari a gaban gilashi takan yi zafi ta kashe kanta. Yarjejeniyar hayar mota galibi ta hana bin hanyar da ba kwalta, to ko taswira ta nuna yanke ta burji, a ƙyale. Kuma ba a barin yaro a mota a kulle ko na minti biyar, cikin minti goma zafin ciki yana ƙaruwa da kusan digiri 11. Ƙarfen bel ma yana ƙona fata, sai muka riƙa rufe kujerar auta da tawul.

Abin da bai zo mini a rai ba da farko shi ne ruwan sama. Daga Yuli zuwa tsakiyar Satumba yankin yana da 'yar daminarsa: gari ya waye tas, bayan azahar hadari ya haɗu. Wanda ya san yadda busasshiyar korama take cika cikin ƙiftawar ido a ƙasar Ayar, alhali ruwan can kan duwatsu aka yi shi, ya riga ya fahimci hatsarin. A Satumba 2015 ambaliya ta kashe mutum bakwai a kwazazzabon Keyhole da ke Zion. Shahararriyar hanyar Narrows a cikin Kogin Virgin ake tafiya, tsakanin bango biyu na dutse, babu wurin hawa. Kowace safiya ana kafe hasashen ambaliya a ofishin baƙi. Ranar da muka je an ce akwai yiwuwarta, sai muka tsaya a hanyar Riverside Walk mai daɓe, wajen kilomita ɗaya da rabi zuwa bakin ruwan, muka dawo. Ruwan kogin ma akan yi gargaɗi a kansa saboda wata gansakuka mai guba, kada a sha, kada yara su nutsa kai. A Bryce kuma tsawa ce abin tsoro, tunda a kan tudu kake a fili. Da an ji rugugi, a koma mota.

Batun kuɗi da takardu ba shi da wuya. Zion da Bryce da Grand Canyon dala 35 kowanne a kan mota na kwana bakwai, Arches da Canyonlands dala 30 kowanne, Capitol Reef dala 20. Katin shekara na dala 80 ya share wannan duka. Daga farkon 2026 an sa wa waɗanda ba mazauna Amurka ba farashi dabam mai tsada, don haka wanda zai ɗauki baƙi daga gida ya bincika tun da wuri. Yaron da ke aji huɗu na firamare yana da katin kyauta da yake shigar da motar iyalinsa. Arches ya yi shekaru yana neman a kama lokacin shiga a shafin intanet na Recreation.gov, kuma ƙa'idar tana sauyawa, a duba ta shekarar da za a je. Masauki a Springdale da cikin Grand Canyon tun watanni shida kafin tafiya ake kamawa. A Zion ba a shiga kwarin da motar kai a wannan lokaci, bas ɗin gandun ake hawa kyauta, kuma wurin ajiye motoci yakan cika tun da hantsi.

Nama na halal a Las Vegas muka saya, uwargida ta soya shi ya bushe, aka jera a kula da ƙanƙarar da ake sabuntawa kullum, domin a ƙananan garuruwan Utah ba za ka samu ba. Salla ƙasaru muka riƙa yi, alƙibla tana wajen arewa maso gabas, kuma butar alwala dabam take da ruwan sha. Agogo ma yana da tarko. Utah tana gaban Nevada, jihar da Las Vegas take, da awa ɗaya. Arizona, inda Grand Canyon yake, ba ta sauya agogo a wannan lokaci, don haka daidai take da Nevada, amma ƙasar Navajo da ke cikinta tana sauyawa, daidai take da Utah. Daga Moab zuwa Grand Canyon ta Monument Valley, tafiyar kusan awa shida, waya takan yi ta tsalle tsakanin lokutan biyu. Agogon hannu muka dogara da shi wajen lokacin salla.

A Grand Canyon abin juye yake da hawan dutsen da aka saba: gangara ake fara yi, da sauƙi, da sanyin safiya, sannan a hawo a gajiye rana ta take. Kuma ƙara sauka ƙara zafi, a gindin kwarin yakan haura digiri 40 alhali a sama ana shan iska. Hawowa tana cin ninki biyu na lokacin sauka. A hanyar Bright Angel na duba agogo, muka sauka minti talatin cif, muka juyo, hawowar ta ci mana awa ɗaya da 'yan mintuna. Da zan sake tsara tafiyar, zan rage kwana ɗaya daga Moab in ƙara a Torrey, inda ake kwana da taga a buɗe, kuma gonakin Fruita da ke cikin Capitol Reef suna barin baƙi su tsinki 'ya'yan itace da hannunsu idan sun nuna.