Man kariya daga rana da abin da ke shiga jini

Ɗiyar yayata zabiya ce, kullum sai an shafa mata man kariya daga rana kafin ta tafi makaranta. Kwanaki wata 'yar'uwa ta turo wa uwarta saƙo a WhatsApp wai man nan guba ne, yana ratsa fata ya shiga jini. Hankalin Yaya ya tashi, har ta ɓoye kwalbar.

Maganar shiga jinin gaskiya ce. Hukumar FDA, mai kula da abinci da magunguna a Amurka, ta yi gwaji a 2019 da 2020, ta samu sinadarai irin su oxybenzone da avobenzone da octocrylene a jinin waɗanda suka shafa, fiye da ma'aunin nanogiram 0.5 a kowace mililita ta jini. Sai dai wannan ma'auni iyaka ce da ke nuna a ƙara bincike, ba shaidar cutarwa ba ce. Hukumar ma cewa ta yi a ci gaba da shafawa.

Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, akwai mai ɗauke da zinc oxide ko titanium dioxide. Waɗannan biyun FDA ta amince da su, kusan a saman fata suke tsayawa. Matsalarsu dai farin da suke bari a fuska, kamar an shafa alli.

Irin wannan man muka saya wa yarinyar. Ga zabiya a ranar Kano ta watan Afrilu, kansar fata ce abin tsoro. Ita kuwa mai turo saƙon, man bilicin take shafawa safe da yamma, wanda wasunsa ke ɗauke da mercury, sinadari mai guba.