Ces mai taku biyu: abin da darar Marseille ta koya mini

Ƙanina ne ya kawo mana wannan wasa majalisa, lokacin da muka gaji da ces ɗin da kowa ya sani, wato darar Turawa (chess), inda wanda ya fi hadda yake cinye mu kullum. Allon shi ne dai, 'ya'yan ma su ne talatin da biyun nan, kowa da irin tafiyarsa. Abu guda aka canza: idan layi ya zo kanka, taku biyu za ka yi a jere. Ko ka gusa ɗa ɗaya sau biyu, ko ka gusa 'ya'ya biyu daban-daban.

Sunan wasan daga birnin Marseille na Faransa ya fito, don a can wata jarida mai suna Le Soleil ta buga ƙa'idojinsa a 1925. Ba wasan 'yan koyo ba ne kawai, har Alexander Alekhine, wanda ya zama zakaran duniya a 1927, ya buga shi, haka ma Richard Réti, wani babban gwanin ces.

Ƙa'idojin da suka shafi sarki su ne ƙashin bayan abin. Idan ka kai wa sarkin abokin karawa hari, wato cek, a takunka na farko, to na biyun ya faɗi, layi ya koma kansa. Shi kuma dole ya kare sarkinsa a takunsa na farko, ba zai ce bari in yi wani abu tukuna ba. Sarki ba ya taka gidan da ake hari da niyyar ficewa a taku na biyu. Sauya wuri tsakanin sarki da hasumiya taku ɗaya ake lissafa shi.

Abin da ya fara buɗe mini ido shi ne yadda wasa ke iya mutuwa tun ba a gyara zama ba. Mai farare ya tura sojan gaban sarki zuwa e4 (kowane gida a allon da harafi da lamba ake kiransa), ya fito da bishof, ɗan da ke tafiya a karkace, zuwa c4. Mai baƙaƙe ya amsa da e5, ya sa doki a f6, wanda a ces na kullum shi ne maganin sarauniyar da ke son leƙowa h5. A nan ba ya maganin komai. Sarauniya ta sauka h5, kafin doki ya samu damar taɓa ta ta wuce ta cinye sojan f7, bishof na tsaye a bayanta. Sarki ba mafita, a zagaye na biyu kacal. Tun daga nan, in ina riƙe da baƙaƙe kuma na ga bishof a c4, soja nake turawa e6 in toshe masa hanya kafin in yi tunanin wani abu.

Saboda irin wannan rinjaye na mai farare ne wani Robert Bruce ya kawo gyara a 1963: a zagayen farko mai farare taku ɗaya zai yi, daga nan kowa biyu-biyu. Da wannan muke bugawa yanzu, kuma a ganina duk wanda ya nace a kan tsohuwar ƙa'ida fararen yake so ya riƙe.

Amma babban darasin yana wajen tsaro. A ces na kullum, in ɗanka yana da mai tsaron bayansa, hankalinka kwance: wanda ya ci shi zai biya. A nan sarauniya za ta ci sojan da hasumiya ke tsare da shi, ta koma inda ta fito a taku na biyu, kamar shirwa da ɗan tsako. Ka tashi ramawa, babu kowa a gidan. Saboda haka na daina tambayar kaina wa ke tsare da wannan ɗa. Yanzu tazara nake aunawa. Duk abin da maƙiyi zai iya ci da taku ɗaya, a ɗauka ya tafi, ko mutum nawa ke gadinsa. Wanda sai ya yi taku biyu kafin ya kai gare shi, wannan gadi na da amfani, don wanda ya ci zai tsaya a wurin, ka rama da takun farko, ka kuma yi abin da kake so da na biyu.

Akwai wata dabara da ta fi burge ni. In cin ɗanka zai zama cek a kan sarkinka, to ɗan yana da kariyar da wasu ba su da ita, don cek ɗin zai kashe takun gudu. Maharin ya maƙale ke nan. Rannan na yi wa ƙanin nawa haka, ya ci soja da sarauniya yana murna, ya miƙa hannu zai janye ta, na ce, "Malam, ai ka ce cek." Ya yi shiru, can ya ce, "Yaya, wannan ai mugunta ce." Dara ta ci gida.

Cek ɗin kansa sai an iya sa shi. A taku na farko asara ne, sai fa in kisa ne. A taku na biyu kuwa riba ce, don kai ka ci moriyar biyunka, shi kuma ka tilasta masa kashe na farkonsa wajen ceton sarki. Wasanni da dama da na ci, a kan wannan na ci su: taku ɗaya in ɗana tarko, na biyu in ba da cek, ya rage masa guda, ba zai iya toshe ƙofa biyu da shi ba.

Ƙarshen wasa ma ba ya ja da tsawo. Soja daga gidansa na asali taku biyar yake buƙata ya zama sarauniya, wato zagaye uku, don haka sojan da hanya ta buɗe masa ba a yi masa kallon ƙaramin abu.

Mun gwada wani ɗan'uwan wannan wasa da ake dangantawa da Sikotilan, inda farare ke yin taku ɗaya, baƙaƙe biyu, farare uku, a yi ta hawa. Bai zauna mini ba. Kafin a je taku bakwai ko takwas a jere, mutum ɗaya ne ke zaune yana lissafi, ɗayan kuma ya tafi sayen shayi. A taku biyu kuwa har yanzu ana jin numfashin abokin karawa, kuma a majalisarmu wasa uku muke gamawa tsakanin La'asar da Magariba.